Talabijin ta ƙi kamawa: tambayoyi da amsoshi kan matsalar wuta a talabijin ta bango

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa a bakin shagunan gyara na Nima, Mamobi da Sabon Zongo a birnin Accra, wasu daga masu talabijin, wasu daga yaran da ke koyon aiki. Na farko-farko na wanda bai taɓa riƙe mita ba ne. Daga tambaya ta 7 zuwa ta 13 magana ce da masu koyo, kuma kada kowa ya kwance bayan talabijin sai ya karanta ta 7.

1. Malam, talabijin ɗina ta mutu ɗif, ko ɗan jan hasken nan na ƙasa ba ya kawowa. Me zan duba kafin in kinkimo ta?

Hajiya, fara da abin da ke wajen talabijin ɗin. Ki sa cajar waya ko fanka a soket ɗin ki ga ko akwai wuta. In ta ekstenshan take shan wuta, ki cire ta ki haɗa da bango kai tsaye, don ekstenshan na kasuwa suna yawan narkewa daga ciki ba a sani ba. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Ghana yana da ɗan fiyus a cikinsa, shi ma yana ƙonewa. Ki kuma danna wayar wuta ta bayan talabijin ki tabbata ta zauna, musamman in an matsar da ita wajen shara.

Wasu ƙananan talabijin ba su da sashen wuta a cikinsu, da adafta suke aiki, mai bolt 12 ko 19. In taki irin wannan ce, sau da yawa adaftar ce ta mutu. A nemo wadda bolt ɗinta ya yi daidai da na tsohuwar, amfiya kuma ta kai nata ko ta ɗara. In duk wannan lafiya yake, a cire fulogi na minti ɗaya, a danne maɓallin kunnawa na jikin talabijin, a sake gwadawa. In har yanzu shiru, to aikin mai gyara ne.

2. Mene ne wannan bod ɗin wuta da masu gyara ke ta ambata?

Shi ne allon da wayar wuta ke shiga. Wutar ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, bolt 230 ce mai kai-da-komowa sau 50 a daƙiƙa, kayan cikin talabijin kuwa ƙaramar wuta suke so mai tafiya hanya ɗaya. Wutar takan bi ta fiyus, ta wuce MOV mai shanye tsallen wuta, ta shiga birij, wato dayod huɗu da ke miƙar da ita, ta taru a babbar kafasita a kan kimanin bolt 325. A manyan talabijin akwai sashen PFC da ke ɗaga ta zuwa tsakanin 380 da 400. Daga nan mosfet yana datsa ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, taransifoma ta sauke ta, dayod da ƙananan kafasitoci su gyara ta.

Abin da ke fitowa kashi uku ne. Akwai wutar jira, wadda ke nan muddin fulogi na bango: bolt 5 a tsofaffi, 3.5 a LG da yawa, kusan 13 a Samsung na baya-bayan nan. Akwai wutar aiki, galibi 12, da 24 a wasu. Sai wutar fitilun baya da ke haska hoto. A tsakiyar bod ɗin za ka ga layi an rubuta HOT a gefe ɗaya, COLD a ɗaya, kuma tambaya ta 7 ta yi bayanin dalilinsa. Talabijin masu inci 32 da yawa, irin waɗanda suka cika gidajenmu, an haɗe musu wannan sashe da babban bod, wato mai sarrafa hoto da murya, a allo guda, amma tsarin aikin bai canza ba.

3. Jan hasken yana kawowa, amma in na danna rimot ba ta tashi. Bod ɗin wuta ne ya lalace?

Ba lalle ba. Hasken nan da kake gani shaida ce cewa wutar jira tana fitowa, wato wani ɓangare na bod ɗin yana raye. Fara da rimot: ka nuna bakinsa ga kyamarar waya ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa in yana aiki. Ka kuma gwada maɓallin jikin talabijin.

Bod ɗin wuta ba ya sakin wutar aiki sai babban bod ya ba shi umarni. In babban bod ya rikice, ko manhajar da ke cikinsa ta lalace, umarnin ba zai zo ba, sai bod ɗin wuta ya zauna jira alhali lafiyarsa lau. An sayi bod da yawa a banza saboda wannan, kuma abin yana yi mini ciwo, don awo na minti biyu ya isa ya raba gardama, kamar yadda yake a tambaya ta 11. In hasken ƙiftawa yake yi, ka ƙirga sau nawa yake yi kafin ya tsaya ya sake, ka faɗa wa mai gyara. A Sony musamman, adadin ƙiftawar yana nuna sashen da ke da matsala.

4. Murya tana fitowa, hoto babu. Ko kuma tambarin kamfani ya bayyana ya ɓace nan take.

Kashe fitilar ɗaki, kunna talabijin, ka matsa da tocila dab da gilashin a karkace. In ka hango hoto dishi-dishi yana motsi, gilashinka lafiya, babban bod lafiya, fitilun baya ne ba sa ci. Ko dai fitilun kansu sun ƙone, wanda shi ya fi yawa, ko sashen da ke ba su wuta. Tambaya ta 12 ta raba su. Kada ka yarda a ce maka gilashi ya mutu ba a yi wannan gwajin a gabanka ba.

5. Tana ƙas-ƙas-ƙas kafin ta kama. Da sau biyu ne, yanzu sai mun jira kusan rabin awa.

Wannan ciwon kafasita ne a mafi yawan lokuta. Ƙananan kafasitocin da ke bakin fitar wuta suna da ruwan sinadari a ciki, zafi yana busar da shi sannu a hankali. In sun raunana, wutar aiki takan tashi ta faɗi, rile, wato ɗan makunnin da ke kan bod, ya kama ya saki, shi ne ƙarar da kake ji. Da sun ɗumama sai su ɗan farfaɗo, shi ya sa take kamawa daga baya, shi ya sa kuma abin ya fi tsanani da sanyin safiyar hunturu.

Kada a ci gaba da lallaɓa ta. Wutar da ba ta tsaya ba tana wahalar da mosfet, tana kuma iya rikita manhajar babban bod, sai gyaran 'yan sidi ya koma na ɗaruruwa. Yadda ake zaɓen sababbi yana tambaya ta 13.

6. Alhaji ya ce wutar ECG ce ta kashe mana talabijin. Gaskiya ne? Sitabilaiza za mu saya?

Yana iya zama gaskiya, amma a san wace irin wuta ce ke kisa. Ƙarancin wuta, irin wanda muke gani da magariba in kowa ya kunna kayansa, bai cika damun talabijin na zamani ba. Duba takardar da ke manne a bayanta: in an rubuta 100-240V, tana aiki ko da wuta ta yi ƙasa sosai. Abin da ke kisa shi ne tsallen da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita, da kuma ɗaukewa da kawowa a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi. Duk wanda ya yi sana'ar nan a shekarun dumso, wato na yawan ɗauke wuta a Ghana, daga 2012 zuwa 2016, musamman 2015 da wasu unguwanni ke yin awa 24 babu wuta sannan a ba su awa 12, ya san yadda bod masu ƙonannen MOV suka taru a shaguna.

Mafi muni shi ne tsinkewar wayar nutiral, a kan falwaya ko a cikin gida. Gidajen haya namu na zango, inda ɗakuna da yawa ke rabon layuka uku, sun fi shiga wannan haɗari. In nutiral ya saki, wani ɗaki wutarsa ta yi ƙasa, wani kuma ta haura har ta doshi bolt 400. Alamarsa ita ce ƙwan wani ɗaki ya dushe, na maƙwabci ya yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi. In kun ga haka, a kashe babban makunnin gida nan take, a kira mai waya mai lasisi. In laifin daga layin waje ne kuma kaya sun ƙone, a kai rahoto ofishin ECG na yanki da wuri, a ajiye kayan da suka ƙone, in ba a samu biyan buƙata ba akwai hukumar PURC da ke sauraron ƙorafin masu amfani da wuta.

A ganina, ɗan akwatin kariya da ake sawa tsakanin soket da fulogi ya fi sitabilaiza amfani ga talabijin. Yana yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa ƙwarai, kuma in an dawo da ita yakan ɗan jira kafin ya saki. Sitabilaiza mai araha ba ta da saurin tare tsalle. Janareta kuma, a bar shi ya tashi ya daidaita kafin a jona talabijin, a cire ta kafin a kashe shi, kada kuma a bari mai ya ƙare tana jone.

7. Masta, in na cire fulogi ai babu sauran haɗari ko?

Akwai, kuma wannan ce amsar da nake so kowane yaro ya haddace. Babbar kafasitar nan mai 400V ko 450V a jikinta tana iya riƙe wuta bayan an cire fulogi. A bod mai lafiya takan sauka da kanta, amma a wanda ya lalace, wanda shi ne ke gabanka, tana iya zama cike na tsawon lokaci domin babu abin da ke jan wutar. Ka sa mita a kan DC, wato awon wuta mai tafiya hanya ɗaya, ka auna ƙafafunta biyu kafin yatsanka ya kusanci bod. In da wuta, ka sauke ta da razista mai kimanin kilo-om 10 da wat 5, wadda aka yi wa wayoyi masu rufi, ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ka sake aunawa. Kada ka haɗa ƙafafun da sukudireba. Tartsatsin yana cinye layin bod, yana raunana kafasitar, yana iya shiga ido.

Sai maganar giraun biyu, wato layin sifiri da ake awo daga gare shi. Ɓangaren HOT yana haɗe da wutar bango ta hanyar birij, don haka giraun ɗinsa, har da wasu ƙarafan sanyaya da ke wurin, suna iya jan mutum in fulogi na ciki. In za ka auna a ɓangaren HOT, baƙar wayar mita tana kan ƙafar ragi ta babbar kafasita. In a ɓangaren COLD ne, tana kan ƙarfen jikin talabijin. Ka gauraya su, awonka ya zama ƙarya, wani lokaci ma ka ƙona abu.

Ka sa takalmi mai roba, ka cire zobe da agogo, teburinka ya zama na katako busasshe. In kana awo da wuta a ciki, ka maƙala baƙar wayar tun kafin ka jona, ka yi aiki da hannu ɗaya. Kada ka yi irin wannan awon kai kaɗai a shago.

8. Na buɗe na ga fiyus ya ƙone. In sa sabo, ko in ɗaura siririyar waya kamar yadda wasu ke yi?

Waya kam a'a, ko da wasa. Wanda ya ɗaura waya a gurbin fiyus ya mai da talabijin abin tayar da gobara a ɗakin da yara ke kwana.

Sabon fiyus ma ba a sa shi sai an bincika. Fiyus ɗan shaida ne, ba shi ne ɓarawon ba, ya faɗi ne saboda wani abu a gabansa ya ja wuta fiye da ƙima. Bayan ka sauke kafasita, ka dubi MOV: in ya tsage ko ya yi baƙi, tsallen wuta ne, kuma wani lokaci shi da fiyus kaɗai suka tafi. Sai ka sa mita a kan alamar dayod ka auna birij. Dayod mai lafiya yana nuna tsakanin 0.4 da 0.7 ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen ba ya nuna komai. In ya nuna kusan sifiri ta ko'ina, ya haɗe. Ka auna mosfet na PFC da dayod ɗinsa, ka auna mosfet na babbar taransifoma, ka dubi babbar kafasita ko ta kumbura.

In mosfet ya haɗe, da wuya ya tafi shi kaɗai. Ka duba 'yar razistar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, wadda ba ta kai om ɗaya ba, irin su 0.22 ko 0.33. Ka duba razista da dayod na ƙafar da ke karɓar umarni. Sau da yawa IC ɗin da ke tuƙa shi, wato ɗan baƙin kayan nan mai ƙafafu da yawa, ma ya sha wuta, kuma in ka bar shi zai kashe sabon mosfet a kunnawar farko. Fiyus ɗin da za ka mayar ya zama irin na da daidai. In an rubuta T3.15A 250V, harafin T yana nufin mai jinkirin ƙonewa ne, don ya jure jan wutar farko. Mai saurin ƙonewa zai tafi ko da bod ɗin ya gyaru. Sannan kunnawar farko ta bi ta ƙwan gwaji na tambaya ta 9.

9. Yaya ake haɗa ƙwan gwaji, kuma me ya sa ƙwan LED ba ya yi?

Ana yanke waya ɗaya, mai wuta, ta ekstenshan, a sa mazaunin ƙwai a tsakani, yadda duk wutar da za ta je talabijin sai ta ratsa ƙwan. In bod ɗin lafiya yake, ƙwan zai yi haske ɗan lokaci yayin da kafasita ke cika, sai ya dushe. In ya kama da ƙarfi ya tsaya, akwai sauran abin da ya haɗe, kuma ƙwan ya shanye wutar da za ta fasa sababbin kayanka.

Dole ƙwan ya zama mai zare, na wat 60 zuwa 100, domin zaren ne ke yin aikin. Ƙwan LED da mai lanƙwasa suna da nasu sashen wuta a ciki, ba za su nuna maka komai ba. Samun mai zare ya yi wuya a ƙasar nan tun da gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 a 2007, aka kuma yi dokar hana shigo da masu zare a 2008. In ka samu tsoho mai aiki, ka adana shi sosai. Ƙwan halojin na bolt 230 shi ma mai zare ne, yana yi. A babbar talabijin mai PFC, ƙwan wat 100 zai iya sa ta riƙa kamawa tana saki in fitilun baya sun tashi, don wutar ba ta isarta. Wannan ba laifin bod ba ne. Ka gwada bod ɗin shi kaɗai tukuna, ko ka jera ƙwai biyu gefe da gefe.

10. Fiyus lafiya, babu abin da ya ƙone a ido, amma babu wutar jira. Daga ina zan fara?

Bi wutar daga inda ta shigo, kada ka yi tsalle. Auna AC, wato wutar bango mai kai-da-komowa, a bakin shiga. Auna DC a kan babbar kafasita, ya kamata ka ga tsakanin 300 da 330. In babu, matsalar tana baya: tsagaggen NTC (razistar da ke rage jan wutar farko), layin da ya yanke, ko dalmar da ta saki a ƙafar koyil. Tun da kamfanoni suka koma dalma marar gubar nan wajen 2006, sakin dalma a ƙafafun kaya masu zafi ya zama ruwan dare, don haka ka duba da gilashin ƙara girma.

In wutar tana kan kafasita, koma kan IC na wutar jira. Auna ƙafar da yake cin wuta. In babu komai, razistocin tayarwa masu ɗaruruwan kilo-om suna yawan yankewa ba tare da sun canza kala ba. In wutar tana hawa tana sauka, zargi biyu ne. Na farko 'yar kafasitar da ke kusa da IC ɗin, mai 22 ko 47 maikuro da bolt 50, wadda takan bushe ba ta kumbura ba. Na biyu wani abu ya haɗe a ɓangaren COLD, IC yana tashi yana jin nauyi yana komawa, wani lokaci har da ɗan ƙarar tsit-tsit. Cire fulogi, auna dayod ɗin fita. Irin waɗannan suna nuna 0.15 zuwa 0.3 in lafiya suke, kada ƙarancin lambar ya ruɗe ka. Cire wayar babban bod ka sake gwadawa: in wutar jira ta dawo, nauyin daga can yake.

In wuta tana fitowa amma ba daidai ba, ta yi ƙasa ko tana rawa, dubi masu kai rahoto: ofto, mai kai saƙo daga COLD zuwa HOT ta hanyar haske, galibi PC817, da TL431, wanda ƙafarsa ta awo ke tsayawa a bolt 2.5 in komai na tafiya daidai, da razistocin da ke kewaye da shi.

11. Wutar jira tana nan. Ta yaya zan san ko bod ɗin wuta ne ko babban bod?

Kusa da soket ɗin wayar da ke haɗa su akwai rubutu: STB (wutar jira), PS_ON ko PWR_ON (umarnin sakin wutar aiki), BL_ON ko DRV_ON (umarnin kunna fitilun baya), da 12V. Sa mita a kan PS_ON ka danna kunnawa. In lambar ta canza, galibi daga sifiri zuwa wajen bolt 3, babban bod ya yi nasa. In duk da haka 12V bai fito ba, ko wutar babbar kafasita ba ta haura zuwa 380 ba a mai PFC, laifin na bod ɗin wuta ne. In PS_ON bai motsa ba, nemi matsalar a babban bod.

Za ka iya tayar da bod ɗin shi kaɗai. Cire wayar babban bod, ka haɗa wutar jira mai bolt 3.5 ko 5 da PS_ON ta cikin razista mai kilo-om ɗaya. Kada ka yi haka da wutar jira mai bolt 13. A Samsung da yawa ma ba ka buƙatar komai: cire wayar babban bod, jona wuta, fitilun baya su kama da kansu, ka san bod ɗin wuta da fitilu suna raye. Ka tuna bod yana iya nuna 12V daidai in babu kaya a kansa, ya durƙushe da an ɗora masa. Ƙwan mota na bolt 12 yana isa ya zama kayan gwaji.

12. Fitilun baya ne suka mutu ko mai ba su wuta?

Sa mita a kan soket ɗin fitilu ka kunna. In wuta ta haura sama sannan ta faɗo, mai ba da wutar yana aiki, ya nemi fitilu bai same su ba ya kare kansa. Fitilun a jere suke a kan sanduna, kowace tana cin bolt 3 ko 6, guda ɗaya ta yanke duk layin ya mutu. Na'urar gwajin LED tana tabbatar maka ba sai ka ɗaga gilashi ba. In wutar ba ta motsa ko kaɗan ba alhali BL_ON ya zo, duba mosfet, dayod, koyil da IC na wannan sashe.

In fitilu ne, canza sandunan duka. Sauran ma sun sha zafi iri ɗaya, in ka canza guda talabijin za ta dawo maka kafin wata uku, mai ita kuma ya ce ba ka iya ba. Gilashin siriri ne ƙwarai, daga inci 43 zuwa sama a ɗaga shi mutum biyu. Bayan gyara, shiga saitin hoto ka rage hasken baya zuwa wajen kashi 60 ko 70 cikin ɗari, ka nuna wa mai ita dalili.

13. Wace irin kafasita zan saya?

Maikuro ya zama daidai da na tsohuwa. Bolt ya zama daidai ko sama, ba ƙasa ba: mai 25V tana zama a gurbin mai 16V in wuri ya isa. Ta zama mai 105°C, ba mai 85 ba, kuma irin wadda aka yi don wuta mai saurin datsawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu, ka kuwa san zafin ɗakin kwano a watan Maris. Kula da ƙafar ragi, in ka juya ta za ta fashe.

A Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra, za ka sami kowace iri, mai kyau da jabu, wani lokaci a tire ɗaya. Araha ba ta ado. Wadda ta yi sakayau a hannu, ko rubutunta yana gogewa da yatsa, bar ta. Mitar ESR, mai auna lafiyar kafasita, ita ce kayan aikin da zan ce yaro ya tara kuɗi ya saya bayan mita ta yau da kullum, domin kafasita tana mutuwa ba tare da ta kumbura ba, ido ba ya gani. In ɗaya ta kumbura a layi, canza 'yan'uwanta na wannan layin gaba ɗaya.

14. Mai gyara ya ce sai an canza bod gaba ɗaya. In yarda?

Tambaye shi abin da ya auna da abin da ya gani. Mai gyaran kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Kafasita, fiyus, MOV, dayod, har mosfet da IC, duk ana canza su a kan bod. Canjin bod yana da hujja in ya ƙone har ya huje, ko taransifoma ta mutu, ko IC ɗin ba ya samuwa a kasuwa. In za a canza, lambar jikin bod ake bi, ba girman talabijin ba. Na Samsung suna farawa da BN44, na LG da EAY ko EAX, kuma talabijin biyu masu suna ɗaya suna iya ɗaukar bod daban saboda fitilunsu ba ɗaya ba ne. Yawancin waɗanda ke kasuwa an ciro su ne daga talabijin masu fasasshen gilashi, don haka a gwada a gabanka, a kuma yi maganar kwanakin garanti tun kafin kuɗi ya fita. Karɓi tsohon bod ɗinka.

Akwai kuma ɗan modul mai wayoyi da ake dasawa a gurbin IC da mosfet. Yana ceton ƙaramar talabijin in an rasa kaya, amma ba na son sa a babba, kuma haƙƙin mai talabijin ne a faɗa masa an sa.

15. Ɗan'uwana ya aiko mini da talabijin daga Amurka. Ina jonawa ta yi ƙara, hayaƙi ya fito.

Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Japan 100, kuma talabijin da yawa na can an yi su don wannan kaɗai. Galibi MOV da fiyus ne ke tafiya, wani lokaci da babbar kafasita in mai bolt 200 ce ko 250. Ana gyarawa, kamar yadda yake a tambaya ta 8, amma bayan gyara sai da taransifomar sauke wuta, ko mai gyara ya tabbatar bod ɗin zai iya ɗaukar 230 bayan canjin kaya. Duk talabijin da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema daga waje, karanta takardar bayanta kafin fulogi ya taɓa soket.

16. Ban da wutar bango, me kuma ke kashe bod ɗin wuta a garin nan?

Kyankyasai da tsaka. Suna son ɗumin bod, su shiga su kwanta a kan ƙafafun ɓangaren HOT, wuta ta bi ta jikinsu, fiyus da mosfet su tafi. Kashin kyankyaso ma yana cin layin bod in ya haɗu da laima. Iskar teku tana ƙara nata: a Chorkor, James Town da La za ka buɗe talabijin ka ga ƙafafun kaya sun yi kore. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, haka ma ƙyallen ado da ake lulluɓa mata, don haka a yaye shi in tana aiki, a kuma bar tazara tsakaninta da bango.

Tsawa a damina, daga Afrilu zuwa Yuni, ba ta wayar wuta kaɗai take shiga ba. Tana bin eriya da wayar dish ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta kashe babban bod. In hadari ya haɗo, a cire fulogi a cire wayar eriya, kashewa da rimot ba ya raba talabijin da wuta.

Masu zama kusa da kogin Odaw da babban kwalbatin Nima, in ruwa ya shiga ɗaki ya taɓa talabijin, kada a jona don a ga ko tana yi. Jonawar ce ke ƙarasa ta. A kai ta a buɗe, a wanke bod ɗin da sinadarin wanke bod, a busar da shi sarai na kwana biyu ko uku, a duba ƙarƙashin taransifoma da cikin soket-soket, sannan a tayar da ita ta ƙwan gwaji na tambaya ta 9.